Yaushin Dashe Ba Mutuwa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa leƙa gonakin albasa a Aliero ya san yadda dashe yake. Ana renon iri a cunkushe a ɗan fili, ya yi kore shar, sai a tumɓuke shi a kai fangali. Washegari ka je ka gan shi ya langaɓe, ya kwanta a ƙasa, kai ka ce asara ta tabbata. Manomi kuwa ko a jikinsa, domin ya san saiwa tana can tana laluben sabuwar ƙasa.

To, haka lamarin ɗan da aka tura karatu Rasha yake. A gida shi ne zakaran aji. Ya sauka Mosko, a ce a jami'ar nan mai sunan Patrice Lumumba da aka kafa a 1960, sai a fara masa da shekarar share fage. Haruffa 33 ne, ga P da ake karantawa R, ga suna ɗaya yana sauya wutsiya gida shida gwargwadon aikinsa a jimla. Disamba ta zo, wunin bai fi awa bakwai ba, sanyi har ƙashi. Wanda ya saba cin muhawara yanzu burodi ma da yatsa yake nuna shi a kanti. A nan ne zuciya take raya masa cewa dama can bai iya komai ba. Ƙarya take yi. Yaushin dashe ne kawai.

Ku lura da abin da manomi yake yi. Da farko yakan datse kan ganyen, don kada ɗan ruwan da ke jiki ya ƙare wajen ciyar da ado. Ɗalibi ma sai ya datse girman kai: ya yi kwaɓa a gaban aji, a yi dariya, shi ma ya dara, ya sake faɗa daidai. Sannan ban ruwa kaɗan-kaɗan ake yi, a kai a kai. Kalma goma yau, gaisuwa da mai gadin ɗakin kwana gobe, tambaya ɗaya ga malami jibi. Kuma ba a tone dashe kullum don a duba ko ya kama. Mai auna kansa da 'yan ƙasa kowace safiya, saiwarsa yake tsinkewa da hannunsa.

Akwai kuma wanda jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Daga ɗaki sai cikin 'yan uwa, hira da Hausa, waya da gida har asuba. Zumunci taki ne, babu musu, amma irin da ya zauna a wurin reno ganye kawai yake yi, ba ya yin kai.

Ranar jarrabawa ake ganin wanda ya kama ƙasa. A can sau da yawa da baki ake yin ta: takardun tambayoyi a kife a kan tebur, ka zari ɗaya, a ba ka ɗan lokaci, sannan ka zauna gaba da gaba da malami. Wanda ya sha kunyar ƙananan kurakurai wata da watanni, bakinsa ba ya rawa a nan.

Saboda haka iyaye, idan yaro ya bugo waya a watan farko murya a sanyaye, kada ku yi saurin neman kuɗin jirgi. Ku tambaye shi ko yana cin abinci, ko yana fita, ko ya yi aboki. In damuwar ta hana shi barci da karatu, ya ga likita. In ba haka ba, ku sa masa albarka, ku ba shi lokaci.