Ko ka sani? An taɓa yin dangin ɓera mai girman bijimi

Masu ƙirƙirar labarun duniyoyin almara suna son saka wani ƙaton ɓera a cikin fadama, ya laɓe a ruwa yana jiran matafiya, kamar yadda dodo yake tsare bakin kogi a tatsuniyoyinmu. Abin da ya fi burge ni shi ne, irin wannan dabba ta taɓa taka ƙasa da gaske.

A shekarar 1987 aka tsinci wani ƙoƙon kai a gaɓar kogin Rio de la Plata da ke Yurugwai, a Amurka ta Kudu. Tsawonsa santimita 53, ya zarce kamu guda. Ya yi shekaru ajiye a gidan adana kayan tarihi na birnin Montevideo, sai a 2008 masana biyu, Andrés Rinderknecht da Ernesto Blanco, suka bayyana shi ga duniya da sunan Josephoartigasia monesi. Lissafinsu na farko ya ba dabbar nauyin kusan kilo 1,000. Waɗanda suka biyo baya sun rage shi zuwa wajen kilo 500, amma ko a haka, sai ka tara gafiya ɗaruruwa kafin su kamo ta.

Haƙoran gaba su ne abin kallo. Kamar na kowane ɓera, ba sa daina tsiro, cizo ne ke rage musu tsawo. Masana sun ƙiyasta ƙarfin cizonta, suka ga ya yi kusa da na damisar Asiya. Duk da haka ba nama take ci ba. Ana ganin da haƙoran take tonon saiwa da kare kanta, yadda giwa take yi da haurenta.

Mai son ganin yadda irin wannan halitta take zaman dausayi, sai ya dubi kafibara, wadda ta fi duk dangin ɓera girma a yau, don takan kai kilo 60. Akwai fata tsakanin yatsunta da take iyo da ita. Idanu, kunnuwa da hanci duk suna saman kai, sai ta nutsar da jiki ta bar su kaɗai a waje. Idan ta ji motsin maharbi kuwa, takan shige ƙarƙashin ruwa ta yi kusan minti 5 ba ta leƙo ba.