Fim ɗin Ghost: abin da ya sa 'yan kallo kuka, da abin da ya raba kansu

A watan Yuli na 1990 aka fara nuna wani fim a gidajen silima na Amurka mai suna Ghost, watau Fatalwa. Ba a sa masa rai sosai ba. Wanda ya shirya shi, Jerry Zucker, da wasan barkwanci aka san shi, kuɗin da aka kashe kuma bai wuce dala miliyan 22 da 'yan kai ba. Amma kafin a gama nuna shi a ƙasashen duniya ya tara fiye da dala miliyan 500, ya fi kowane fim na wannan shekara ciniki.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Sam ma'aikacin banki ne a birnin New York, yana zaune da masoyiyarsa Molly, mai ginin tukwane. Wata rana da dare wani ɗan fashi ya tare su a hanya ya harbe Sam. Sai ruhinsa ya ƙi tafiya, ya tsaya yana ganin Molly, ita ba ta ganinsa, ba ta jin muryarsa. Daga baya ya gane amininsa Carl ne ya sa a tare shi, saboda wasu kuɗin haram da yake ɓoyewa a bankin, kuma ita ma Molly tana cikin haɗari. Duk birnin mutum ɗaya ce ke jin maganarsa, wata mai duba wadda ake kira Oda Mae, wadda ta daɗe tana cin kuɗin mutane da ƙaryar tana magana da matattu, ba ta taɓa zaton abin zai zama gaskiya ba.

To, me ya ja mutane haka? A ganina ba lahirar ba ce, domin kaɗan ƙwarai aka nuna daga cikinta: haske ya sauko ya ɗauki na kirki, wasu baƙaƙen inuwoyi su fito daga ƙasa su ja mugu yana ihu, shi ke nan. Abin da ya kama zuciya yana nan duniya. Sam, duk zamansa da Molly, ya kasa buɗe baki ya ce yana son ta. In ta faɗa masa, sai ya amsa da kalma guda mai nufin shi ma haka. Mutuwa ta zo ba sallama, maganar ta maƙale. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwar farat ɗaya ya san nauyin maganar da ba a samu faɗi ba, balle wanda labari ya iske shi a wata ƙasa bayan an riga an kai mamaci makwancinsa. Fim ɗin ya ba Sam damar da ba a ba kowa, ya yi ban kwana, ya faɗi abin da ke ransa. A nan ne hawaye ke zuba.

Za a ƙara fahimtar wannan in an duba wani fim na 1998, What Dreams May Come, wanda Robin Williams ya fito a ciki. Shi ya zana aljanna da wuta filla-filla, da launuka masu ban mamaki, har ya ci kyautar Oscar saboda gwanintar hotunan. Amma kuɗin da ya samu a gidajen silima bai kai wanda aka kashe ba.

Masu sharhi a jaridu ba su bi jama'a duka ba. Roger Ebert na Chicago ya yi ƙorafin cewa marubutan ba su zurfafa tunani ba, sun ɗauka ko bayan mutuwa hankalin mutum yana kan sauran sha'anin da ya bari a duniya. Akwai gaskiya a maganarsa. Haka kuma mai riƙo da addini, Musulmi ko Kirista, zai lura ba a ambaci hisabi ba, kuma mai dubar da addinan biyu suka hana zuwa wurinta ita ce ta zama hanyar ceto. Bahaushe kuwa da ya tashi yana jin fatalwa abin gudu ce, sai ga ta an mai da ita abin tausayi.

Wata muhawarar ta tashi a kan Oda Mae. Whoopi Goldberg ta yi wasan da ya sa mutane dariya tsakanin kuka da kuka, ta kuma ci Oscar a 1991, ita ce baƙar mace ta biyu da ta samu wannan kyauta a fagen wasa, bayan Hattie McDaniel a 1940. Wasu baƙaƙen Amurka sun yi murna da haka, wasu kuwa suka ce an sake kawo baƙar mace wadda ba ta da wani aiki sai gyara rayuwar Turawa biyu. Suna kafa hujja da wurin da Sam ya shiga jikinta domin ya rungumi Molly karo na ƙarshe: da zarar hannu ya taɓa hannu sai aka kawar da fuskar Goldberg, aka nuna ta Patrick Swayze, wanda ya fito a matsayin Sam.

A Ingila ɗokin ya fita daga silima ya shiga kantunan faifai. Tsohuwar waƙar nan ta Righteous Brothers, Unchained Melody, wadda suka yi tun 1965, aka sa ta a wurin da masoyan biyu ke ginin tukunya tare, ta koma ta ɗaya a jerin waƙoƙin ƙasar a watan Nuwamba na 1990, ta fi kowace waƙa ciniki a shekarar. Swayze ya rasu a watan Satumba na 2009 bayan fama da cutar daji, yana da shekara 57. A 2011 aka mai da labarin wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe, aka fara shi a Manchester, sa'an nan aka kai shi London.