Yadda Zamanin Kwamfuta Mai Buga Waya Ya Tsallake Kafanchan

Duk wanda ya san tarihin Kafanchan ya san dogo ne ya raya ta. A shekarar 1927 ne layin jirgin ƙasa da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya haɗu da Kaduna ta wannan gari, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. Inda dogo ya bi kuwa, waya tana biye da shi, domin jirgi ba ya barin tasha sai an buga wa tasha ta gaba an ji hanya a buɗe take. Watau dai mutanen Kafanchan sun daɗe da sanin magana tana iya bin zaren ƙarfe ta riga jirgi isa. Amma da zamani ya zo wanda kwamfuta ta koyi buga waya da kanta, sai garin ya rasa rabonsa.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta ba ta san komai ba sai lambobi, wayar tarho kuwa ba ta ɗaukar komai sai sauti. Saboda haka aka ƙera wani ɗan akwati mai suna modem, wanda aikinsa tafinta ne, ya mai da lambobi su zama ƙara, ɗan'uwansa da ke can ƙarshen waya ya sāke mai da ƙarar lambobi. A 1981 kamfanin Hayes na Amurka ya fitar da irin wanda ya zama abin koyi ga saura. Saurinsa bai wuce harafi 30 a daƙiƙa ba, ke nan shafi guda na wasiƙa sai ya ci fiye da minti ɗaya, mutum yana zaune yana kallon haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana tsintar wake.

Shi kansa akwatin ba ya motsi sai da manhajar da za ta ba shi umarni. Irin su Kermit, wadda Jami'ar Kolambiya ta birnin New York ta fitar a 1981, da Procomm, da Telix, har zuwa HyperTerminal da ta zo cikin Windows 95. Babu hoto, babu abin latsawa, allo ne fayau. Mai kwamfuta zai rubuta ATDT ya bi shi da lambar tarho, in kuwa layinsa irin na da ne, na tarho mai juyawa da yatsa, sai ya rubuta ATDP. Daga nan sai ƙugi da shewa su tashi, akwatunan biyu suna gaisawa suna daidaita saurin da za su yi magana. In an dace allo ya nuna CONNECT. In ba a dace ba ya nuna BUSY ko NO CARRIER, a sāke sabon lale. Kuma dole ɓangarorin biyu su yarda a kan tsarin jera lambobi tun kafin a buga, in an saɓa ko kaɗan sai allo ya cika da shirme.

Babban abokin gāban wannan aiki shi ne ƙazantar layi. Ɗan kwaramniyar da kunnen mutum ba zai kula da ita ba tana iya lalata saƙo ɗungum. Wani Ba'amurke, Ward Christensen, shi ya samo maganin haka a 1977 da dabarar da aka sani da XMODEM. Ana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowace harafi 128, a haɗa mata lissafin tantancewa, in lissafin bai fita daidai a wurin mai karɓa ba sai a sāke aiko da wannan gunduwar kaɗai. A watan Fabrairu na 1978 shi da abokinsa Randy Suess suka buɗe allon sanarwa na farko na kwamfuta a Chicago, inda kowa zai bugo ya karanta saƙonnin da aka bari, ya bar nasa. A 1986 aka sami ZMODEM, wadda in layi ya yanke tana iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

To, duk wannan hikima tana bukatar abu guda, watau layin tarho mai rai. A nan ne gizo yake saƙa. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan tarho da ke aiki a Nijeriya duka ba su wuce kimanin rabin miliyan ba, ga jama'ar da ta haura miliyan 100, kuma yawancinsu a Ikko da manyan birane suke. Ƙungiyoyin Afirka da suka fara aika wasiƙun kwamfuta a farkon shekarun 1990 da dabara suka yi. Sun bi tsarin FidoNet, wanda Tom Jennings ya ƙago a 1984, inda ake tara wasiƙu a dunƙule su, sa'an nan kwamfuta ta haɗu da ta GreenNet a London na 'yan mintoci, ta miƙa ta karɓa, a kashe waya. Da kamfanonin intanet suka fara aiki a ƙasar nan wajen 1997, su ma a birane suka zauna. Ga mutumin Kafanchan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, kowace haɗuwa kiran nesa ce, kuɗinta yana hawa minti-minti. Alhali kuwa ƙasa ce ta citta wadda ake saye a kai har ƙasashen waje, kuma babu mai bukatar jin farashin Ikko da wuri kamar manomin da dillali ya tsaya a ƙofar gidansa.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi masu karanta wannan shafi musamman. Jerin haruffan da waɗancan manhajoji suka sani, mai suna ASCII, gurbi 128 ne kacal gare shi, kuma don Turanci aka tsara shi. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wanda ya so rubuta ƙasa sai ya rubuta kasa, mai karatu ya zaɓa da kansa ko ana maganar ƙasar haihuwa ce ko maciji. Masu kula sai suka riƙa maƙala wa harafi ɗan waƙafi a ka, su rubuta k'asa, al'adar da har yau ba ta ɓace daga saƙonnin mutane ba. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba haruffa masu ƙugiya gurbinsu, amma an daɗe kafin su iso allon talaka.

Da intanet ta tashi shiga Kafanchan, ba ta hanyar tarho ta zauna ba. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe wurin koyon kwamfuta a unguwar Bayan Loco, unguwar da sunanta ma daga ma'aikatar gyaran kan jirgi ya samo asali. A 2001 wannan wuri, a ƙarƙashin jagorancin Kazanka Comfort, ya ci kyautar Hafkin ta farko, wadda ƙungiyar sadarwa ta duniya mai suna APC ta bayar, kada mai karatu ya ɗauka jam'iyyar siyasa ake nufi. A wannan shekarar ce kuma wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, amma sai 2005 ta iso Kafanchan, bayan layin tarho na ƙasa ya riga ya mutu a garin. Gidauniyar sai ta kafa faifan tauraron ɗan'adam, daga baya ta tsai da dogon turke tana rarraba intanet ta iska ga makarantu da ofisoshin da ke kewaye, a ƙarƙashin sunan Zittnet, tana kuma dogara ga batura da hasken rana saboda rashin tabbacin wutar lantarki.