Shiri na Musamman: Gilashi Mai Gusawa da Kyamara Mai Juyawa

Shirinmu na yau zai duba kyamarar fim mai juyawa, wadda take ɗaukar gabas da yamma, kudu da arewa a hoto guda, da dalilin da ya sa gilashi mai gusawa ya zame mata abokin aiki.

Tun a 1904 aka yi wa kyamarar Cirkut rajista a Amurka, daga baya kamfanin Kodak ya ci gaba da ƙera ta, sannan kamfanin Seitz na ƙasar Suwizalan ya fito da Roundshot. Dabararsu ɗaya ce. Kyamara tana juyawa a kan ƙafafunta uku, fim kuma yana wucewa ta bayan wata siririyar tsaga, kuma dole saurin fim ya dace da saurin hoton da gilashi yake jefowa. Gilashi mai milimita 28 yana cin kimanin milimita 176 na fim kafin kyamara ta kammala zagaye. Da zarar saurin ya saɓa, hoto ya dushe.

To ga inda gizo ke saƙa. Sai an daidaita kyamarar tsaf, babu karkata, don haka layin da sama ta haɗu da ƙasa yakan faɗo a tsakiyar hoto. Mai ɗaukar dandalin da dogayen gine-gine suka kewaye sai ya tarar rabin fim ɗinsa daɓe ne, kawunan benaye kuma sun yanke. Idan ya karkata kyamarar duka don ya kamo su, layin nan zai hau a gefe guda ya gangara a ɗayan, kamar tafiyar maciji. Idan kan kyamarar kaɗai ya ɗaga, saurin hoto a saman tsaga zai bambanta da na ƙasanta, alhali fim saurinsa ɗaya ne. Gilashi mai gusawa, irin PC-Nikkor da kamfanin Nikon ya fitar a farkon shekarun 1960, shi ke warware wannan. Ana murɗa wani ɗan maɓalli, gilashin ya zame sama, fim kuma yana nan tsaye cak. Gusawar milimita 11 a gilashi mai milimita 28 tana ɗaga tsakiyar hoto da kusan digiri 21, ginshiƙai na tsaye ƙyam, saurin fim bai canja ba.

Wani zai ce, me zai hana a sa gilashi mai faɗin gani, a yanke ƙasan hoton daga baya? Amsar ita ce a wannan kyamara irin wannan gajeren gilashi yana gajarta hoton gaba ɗaya, komai ya ƙanƙance, sannan a zubar da wani yankin fim ɗin. Hasara biyu ke nan. Wani kuma zai ce gusawa tana kawo duhu a bakin hoto. Gaskiya ne, domin ana aiki da gefen da'irar hasken gilashi, amma tsuke ƙofar haske da rage gusawar suna magance mafi yawansa. Masu cewa kwamfuta tana iya ɗinke hotuna su ma suna da hujja idan wurin babu motsi. A dandali mai cike da jama'a kuwa, wanda ya gusa tsakanin hoto da hoto yakan fito rabi, ita ko kyamara mai juyawa a shara ɗaya take kwashe komai, babu ɗinki.

Saboda haka, mai son ɗaukar gari ko cikin babban zaure da irin wannan kyamara, ya fara tambaya ko gilashinta yana gusawa sama da ƙasa, domin a nan ne zai samu ikon zaɓar abin da zai shiga hotonsa. A nan za mu dasa aya.