Ƙosai ko Alale: Lissafin Abinci ga Mai Son Rage Ƙiba

Wake ɗaya aka jiƙa, aka surfa, aka kai markaɗe. Rabin ƙullun ya shiga gwangwani aka turara shi ya zama alale, rabin kuma ya faɗa kaskon mai ya fito ƙosai. Alalen ma ana zuba masa mai, amma mai girki ce ke auna abin da za ta ba shi. Ƙosai kuwa shan mai yake yi iya son ransa. Wannan ɗan bambanci shi ne tushen abin da masu rage ƙiba ke yi yanzu a wayoyinsu, wato ƙidayar manyan sinadaran abinci guda uku.

Na farko shi ne kabohaidiret, wanda ya cika tuwo, shinkafa, doya, burodi da sukari. Na biyu furotin, mai gina jiki, da ake samu a nama, kifi, ƙwai, nono da wake. Na uku maiƙo, irin su man gyada, manja, man shanu da kitsen nama. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Wilbur Atwater, ya auna kuzarin da jiki ke samu daga kowannensu, kuma har yau da alƙalumansa ake aiki: giram ɗaya na kabohaidiret kalori 4, na furotin kalori 4, na maiƙo kuwa kalori 9.

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Dafaffiyar shinkafa giram 200 tana da kalori kusan 260. Babban cokali ɗaya na mai yana da kusan 120. Ke nan cokali biyu na soyayyen mai da aka kwarara a kan garau-garau sun kusa kamo shinkafar da ke ƙarƙashinsu, alhali ba su cika ciki ba. Gyaɗa ma haka take: giram 100 na ɗauke da kalori sama da 550, domin kusan rabinta mai ne. Robar lemon kwalba mai rabin lita kan ɗauki sukari kimanin giram 50, fiye da cokalin shayi goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a yini.

Yaya ake lissafin? A ɗauki misalin mace mai nauyin kilo 80 da masanin abinci ya yanke wa kalori 1,800 a rana. Idan ta ware giram 100 na furotin, ta cinye kalori 400. Giram 60 na maiƙo kalori 540 ne, wato kashi 30 cikin 100, iyakar da hukumar ta ba manya shawarar kada su wuce. Saura kalori 860, wanda ya zo daidai da giram 215 na kabohaidiret. Tuwo bai haramta gare ta ba, malmalar ce za ta ragu.

Furotin ne ya fi wuyar cikawa, kuma shi ya fi amfani ga mai rage ƙiba. Yana riƙe ciki, yana kare tsoka kada ta zube tare da kitse, sannan jiki na ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuzarinsa wajen narkar da shi. Sai dai ƙwai ɗaya giram 6 kawai yake bayarwa, wanda ke nufin sai an ci kusan goma sha bakwai kafin a kai giram 100. Sa'ar da aka yi ita ce kasuwar ƙasar Hausa ba ta rasa mafita mai araha ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, waken suya da ake awara da shi ya haura kashi ɗaya cikin uku, ga busasshen kifi, ga nono, ga ƙuli-ƙuli da aka riga aka matse masa yawancin mansa.

To, wanne ya fi sa a rame, barin maiƙo ko barin kabohaidiret? Bincike ya amsa wannan tambaya fiye da sau ɗaya. A 2009 Frank Sacks na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 811 masu ƙiba, waɗanda aka raba wa tsarin abinci iri huɗu. Bayan shekara biyu kowane rukuni ya rage kimanin kilo 3 zuwa 4, kuma waɗanda suka fi halartar zaman shawara su suka fi raguwa. A 2018 Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya bibiyi mutum 609 na tsawon shekara guda: masu rage maiƙo sun zubar da kilo 5.3, masu rage kabohaidiret kilo 6, tazarar da masanan suka ce ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya yi aiki shi ne cin ƙasa da abin da jiki ke ƙonawa, da kuma ɗorewa a kai. Amfanin ƙidaya shi ne ta buɗe wa mutum ido ya ga inda kalori ke ɓuya.

A gidajenmu akwai cikas na musamman. Manhajoji irin su MyFitnessPal an gina su ne da abincin Turawa a zuciya, kuma alƙaluman da jama'a ke shigarwa na ɗanwake ko miyar kuka ba kullum suke daidai ba. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma shi ya fi kusa da tukunyarmu. Sannan wanda ke cin kwano ɗaya da iyalinsa ba zai kafa sikeli a tsakiyar tabarma ba. Shi ya sa masana abinci ke koyar da awon hannu: nama ko kifi kamar tafin hannu, tuwo ko shinkafa kamar dunƙulen hannu, mai kamar babban yatsa, ganye irin su zogale da rama da alayyahu kuma su cika rabin kwano.

Ƙidayar ba ta kowa ba ce. Mai ciwon ƙoda bai kamata ya ƙara furotin ba sai da izinin likita. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allurar insulin zai iya fuskantar faɗuwar suga idan ya yanke kabohaidiret farat ɗaya. Mai juna biyu, mai shayarwa da yaro mai tasowa ba lokacin rage abinci ba ne a gare su. Ga sauran jama'a, rage kalori kusan 500 a rana kan sauke kimanin rabin kilo a mako a farkon tafiya, daga baya saurin ya ja baya. A yawancin gidaje ana iya samun waɗannan 500 ɗin ba tare da an taɓa tuwon dare ba: a ajiye robar lemo ɗaya, a rage cokali biyu na mai, a mayar da sukarin shayin safe rabi.