Mamman Sani: Mutumin da ya koya wa na'ura kiɗan Nijar tun 1978

Duk lokacin da aka tayar da zancen kiɗan finafinan Hausa, sai ka ji wani ya ce ai kiɗan fiyano ba kiɗa ba ne, danna maɓalli ne kawai, kuma shi ya kashe mana kalangu da gurmi. To, kafin ku yanke hukunci, ku nemi aikin Mamman Sani Abdoulaye na Nijar ku saurara.

Bawan Allahn nan ma'aikaci ne, ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taro ne ya ga wani wakili daga Ruwanda da ogan mai aiki da lantarki, ƙirar kamfanin Orla na Italiya, ya lallaɓa shi ya sayar masa. A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa da ke Yamai ya naɗi kaset ɗinsa na farko, wanda aka sani da La Musique Électronique du Niger. Kwafi kusan 100 kacal aka buga.

Abin lura a nan, bai ɗauki ogan ɗin ya shiga kwaikwayon Turawa ba. Karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa ya ɗauko, haɗe da nasa na ƙashin kansa, ya ɗora su a kan na'urar. Ita na'urar tana ba da bugun ganga maras canzawa, hannun hagu yana riƙe da amo mai kauri a ƙasa, na dama kuma yana rera karin. Zai yi ta maimaita jimla guda yana ɗan karkata ta, kamar dai yadda mai molo ko mai gurmi yake yi. Shi ya sa ko babu murya, kunnenka zai ce maka wannan kiɗan gida ne.

Shekara da shekaru rediyo da talabijin na Nijar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin, bayan mai kamfanin, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi ɗaya a gidan tarihi na Yamai. Daga nan fa Mamman Sani ya fara zuwa Turai yin wasa.

Saboda haka laifin ba na na'ura ba ne. Idan mai kiɗan fim ya kunna Yamaha ya ɗauki bugun da kamfani ya zuba a ciki, ya liƙa wa kowace waƙa, ta soyayya da ta mutuwa duk amo ɗaya, wallahi dole mutane su gaji. Amma wanda ya san karin garinsu ya zauna ya yi aiki, fiyanon ma sai ta yi Hausa.

Ku fara da Salamatu, sannan Lamru. In kun ji, ku gaya mana wane mai kiɗan Kannywood ne kuke ganin ya kama wannan hanya.