Ina Kiɗan Hausa Ya Dosa?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi, duk wanda yake son ya san irin waƙar da za a riƙa ji nan gaba, to, ya fara duba wanda yake biyan mawaƙi. Inda kuɗin ya karkata, nan ganga take bi.

Kamar dai yadda kowa ya sani, a da fada ce gidan makaɗi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da kotso ya yi wa sarakuna hidima. Alhaji Mamman Shata Katsina kuwa, da kalangunsa, ya waƙe sarki ya waƙe attajiri ya waƙe direba, kuma rediyo da faifai da kaset suka kai muryarsa har Sabon Badun da Agege kafin Allah ya yi masa rasuwa a 1999. Cikin wannan shekara ce fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, fiyano ta shigo da ƙarfinta, masu shirya fim suka zama iyayen gidan mawaƙa. Da Hajiya Barmani Coge ta rasu a 2013, Ɗanmaraya Jos ya bi ta a 2015, sai aka ga ƙwarya da kuntigi sun zama marayu.

To, yau fa? Tun da aka dawo da hedkwatar ƙasa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, manyan Arewa suka tare a Maitama da Asokoro, bikin 'ya'yansu ma ya biyo su. A ɗakunan taron nan ne ake yi wa mawaƙi liƙin da ba zai samu a kasuwar kaset ba, balle ita kasuwar ta mutu. Ga kuma 'yan siyasa. Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Buhari a zaɓen 2015, ya yi wa Tinubu a na 2023, kuma samari da yawa sun ga abin da ya samu, sun ɗaura ɗamara. Saboda haka a ganina waƙar yabo ba za ta mutu ba, sai dai ta sake ubangida. Illarta ɗaya ce: waƙar sarki takan daɗe kamar sarautar, ta ɗan takara kuwa da an ƙirga ƙuri'a ta tsufa.

Ubangida na biyu yana cikin aljihunku, watau wayar hannu. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasa a 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, matan aure suna taka rawarta suna sawa a intanet. Ado Gwanja ya yi irin wannan tashe a 2022 da Warr da Chass, har malamai suka yi ta faɗa. Ita waya ba ta da haƙuri. Shata kan yi rabin sa'a yana jan zance, amshi na biye, amma yaron yau amshin kaɗai yake nema, wanda zai hau TikTok. Don haka waƙa za ta ƙara gajarta, kiɗan ya ƙara zafi, azanci kuwa ya ragu, abin da ba ya yi mini daɗi.

Bugu da ƙari, harshen ma zai gauraya. A Mararaba da Nyanya da Kubwa, ɗan Bahaushe yana tashi tare da ɗan Gwari da na Ibo da na Bayarabe, kunnensa ya saba da kiɗan Ikko. Irin su DJ AB na Kaduna da ClassiQ tuni suke haɗa Hausa da Turanci. Tun da Burna Boy ya ci lambar Grammy a Amurka a 2021, yaranmu suke hangen tsallaken teku, kuma ina kyautata zaton wanda zai fara tsallakawa shi ne wanda ya ɗora kalangu ko gurmi na gaske a kan kiɗan na'ura, domin fiyano kam Turawa suna da tasu.

Ku kuma na Kurmi kuna da hannu a ciki. Abin da ɗan acaɓa da mai shayi da mai sayar da albasa a Mile 12 suka kunna da safe, shi maƙwabcinsu Bayarabe yake fara ji, kuma ta nan ne mai kamfanin kiɗa a Ikko zai san akwai kasuwa a Arewa.